Sanƙarau ya tafi da jin yarona, ina zan dosa a Kano?

Maman Abba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon bayanina, abin ne ya cika min ciki.

Yarona na biyu, Abba muke ce masa saboda sunan kakansa ya ci, shekararsa uku da wata takwas yanzu. A cikin azumin da ya wuce zazzaɓi ya rufe shi, muka ɗauka maleriya ce, babansa ya karɓo magani a kemis. Kwana biyu sai ga wuya ya sanƙare, yana ta jijjiga, ido ya kakkafe. Kwananmu goma sha ɗaya a gadon asibiti, aka ce sanƙarau ne. Allah ya tashi kafaɗarsa, aka sallame mu, muka dawo gida ana ta zuwa barka. Babu wanda ya ce mana uffan a kan kunne.

Da farko tangaɗi ya riƙa yi in yana tafiya, kamar mai koyon tatata, muka ce rashin ƙarfi ne. In na kira shi bai juyo ba sai in ce shagwaɓar jinya ce. Ranar da na gane, tukunyar silba ce ta suɓuce min a tsakar gida, a bayansa daf. Yayarsa ta zabura, jaririyar da ke bayana ta tsanyare da kuka, har kajin maƙota suka watse. Shi kuwa yana zaune yana jera murafen lemo, ko gezau. Nan na zauna a ƙasa, ban san sanda hawaye ya zubo ba.

Wata bakwai ke nan. Yaron da ke bin yayarsa yana Ƙulhuwallahu da gwarancinsa, yanzu maganar tana narkewa a bakinsa kullum. "Umma" ta koma "Mma". In yana son abu ban gane ba sai ihu da birgima, ga cizo da ya tsira. Malamar Islamiyyar da nake tura su ta ce in dakatar da shi tukuna, yana dukan yara.

Uwar mijina ta ce iska ce, an yi hayaƙi, an sha rubutu, an ɗiɗɗiga mai a kunnen har kala uku. Babansa yaron shago ne a Kwari, abin da yake samu na cefane ne, shi nasa a yi haƙuri kunnen zai buɗe da kansa. Wani ƙanin babansu ma cewa ya yi in ya ƙara tasawa a kai shi ƙauye wajen malam, tunda boko ba za ta yiwu masa ba. Wallahi ranar ban yi barci ba.

To ina ake auna kunnen ƙaramin yaro kamar wannan? Na'urar da ake maƙalawa a kunne tana aiki kuwa? Akwai makarantar da za ta karɓe shi? Kuma wata maƙociyata ta ce kada in kuskura in fara yi masa magana da hannu, wai in ya saba shi ke nan ya zama bebe. Gaskiya ne? Muna wajen Kurna ne.

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. Sannu Maman Abba, sannu da ɗawainiya, Allah ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin yara, don haka abin da kika faɗa ba baƙo ba ne a wurina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka kamu da sanƙarau irin na bakteriya, ɗaya kan tashi da wata lalura mai ɗorewa, kuma rashin ji yana kan gaba a cikinsu. Tangaɗin nan ma da kika gani daga kunnen ne, don abin da ke daidaita wa mutum tafiya a can cikin kunne yake, maƙwabcin wurin ji. A ƙa'ida duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo ana so a auna jinsa cikin makonni kaɗan da sallama. Ba laifinki ba ne da ba ki sani ba.

Ki fara daina ɗiga masa komai. Ciwon ba a ƙofar kunne yake ba, yana can ciki bayan dodon kunne, inda mai ba ya kaiwa, sai dai ya jawo masa wani ciwon. Addu'a da tofi kuwa ba wanda zai hana ki, mu ma muna yi.

Sai ki ɗauki katinsa da takardar sallama ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma a asibitin Murtala. Idan aka tura ku gaba, a Kaduna akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa, ita aikinta ke nan kacokan. Kada ki tsaya a leƙa kunne da 'yar fitila a ce miki ba komai, don a ido lafiyayye zai fito. Ki ce gwajin ji kike so. Yaro kamar Abba ba zai iya ɗaga hannu in ya ji ƙara ba, shi ya sa akwai gwajin da ake manna masa wayoyi a kai yana barci, na'ura ta nuna ko sauti yana isa ƙwaƙwalwa. Likitoci na ce masa ABR, ki rubuta a takarda ki tafi da shi.

Sakamakon ne zai faɗa miki ko na'urar kunne za ta amfane shi. Ita ƙara sauti kawai take yi, in akwai sauran ji tana taimakawa ƙwarai, in babu ko kaɗan to ado ce. Akwai kuma aikin dashe da ake sa wata na'ura a can cikin kunne, amma kuɗinsa miliyoyi ne, kuma bayan sanƙarau wurin da ake zura ta kan fara zama ƙashi cikin watanni. Ban faɗa don in ɗaga miki hankali ba, na faɗa ne don ki gane "bari mu ga abin da hali zai yi" ba ta da amfani a nan. Ki je cikin satin nan.

Jaririyar da ke bayanki kuma kada ki tsallake mata rigakafi ko ɗaya, har da na wata tara, akwai ta sanƙarau a ciki.

Ɗan Fagge:

Allah ya ba shi lafiya. Amma fa kada a raina maganar Hajiya uwar mijinki, manya sun ga jiya sun ga yau. Akwai wani mai magani da na ji ana yabo, an ce yana buɗe kunne a sati biyu. In kina so in nemo miki lambarsa.

Anti Nas:

Malam Ɗan Fagge, da girmanka, "an ce" ɗin nan ita ta cinye mata wata bakwai. A bari ta je a auna tukuna.

Tela Kurma:

Hajiya Maman Abba, ni kurma ne, da hannuna nake rubuta miki wannan ba wani ya rubuta min ba. Matata ce ta ga tambayarki ta miƙo min waya.

Sanƙarau na 1996 ne ya ɗauke min ji, wanda ya kwashe dubban mutane a arewa, duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san shekarar. Ina ɗan shekara tara. Abu na ƙarshe da nake tuna na ji shi ne kiran sallar asuba daga gadon asibiti. Daga nan shiru har yau.

Shekara uku iyayena suna yawon neman magani. Babu inda ba a kai ni ba, babana har gonarsa ta gado ya sayar. Allah ya ji ƙansa, don ƙauna ya yi. Amma a cikin shekara ukun nan, a gidan da muke mu goma sha huɗu, ba ni da abokin hira ko ɗaya. Ana dariya in duba fuskoki in yi dariya, ban san me aka ce ba. Kakata ta rasu ban sani ba sai da na ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kowa kunnena yake kallo, ni ba a kallo na. Cizon da kika ce Abba yana yi na san shi. Ba iska ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne. Yaro ne da magana ta cika masa ciki aka rufe ƙofa. Ni ma na fasa tulun gidanmu sau biyu.

Maƙociyarki ba ta faɗi daidai ba. Hannu ba ya kashe baki. Abin da ke narkar da maganarsa shi ne ba ya jin muryar kansa, ko kin yi masa hannu ko ba ki yi ba. Ni har yau ina magana da baki, kwastomomina suna gane ni, duk da an ce muryata tana hawa tana sauka, kuma ina maganar hannu. Ki yi masa duka biyun a tare. Ki durƙusa fuskarki ta zo daidai da tasa, inda akwai haske, ki faɗi kalmar da baki yana kallon leɓenki, hannunki yana nunawa. Kada ki yi ihu, ihu ɓata fasalin baki yake yi. Kada ki yi masa magana kina tauna ko mayafi ya rufe miki baki. Kalmomin da ya riga ya sani, ruwa, tuwo, Umma, Baba, fitsari, su za ki fara kamawa tun ba su gudu ba, don shi ya fi wanda aka haifa da kurumta sa'a, ya ɗanɗani magana.

Kuma ba ƙirƙira za ki yi daga sama ba. Mu kuramen ƙasar Hausa muna da harshenmu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wasu su ce maganar bebaye. Ba nuni ba ne irin na ciniki da baƙo, harshe ne cikakke, muna gardamar ƙwallo da shi, muna tsegumi, muna zawarci. A gargajiya ma kamar yadda ake da sarkin makafi da sarkin guragu haka bebaye ke da nasu sarkin. A makarantu kuwa akwai wata ta daban wadda tushenta daga Amurka yake, wani baƙar fata kurma mai suna Andrew Foster yana cikin waɗanda suka yaɗa ta da ya buɗe makarantu a Afirka, har da Najeriya. Ita ke da harufan yatsu da ake rubuta suna da su. Yaro yana ɗaukar duka biyun kamar yadda ɗanki mai ji ke ɗaukar Hausa a gida da Turanci a aji.

Ranar da aka kai ni makarantar Tudun Maliki, ta wajen titin gidan Zoo, ina ɗan shekara goma sha biyu, na tsaya a bakin ƙofa na ga yara cike da fili hannuwa na ta tashi sama, ana faɗa ana dariya. Wani ya zo ya dube ni, ya taɓa kumatunsa daidai inda nake da tabon ƙuna. Sunana ke nan har yau a cikin kurame, yatsa a kumatu. A can na iya karatu da rubutun da nake miki yanzu. Makarantar gwamnati ce, ta kurame da makafi, akwai firamare akwai sakandare. Ki je da ƙafarki ki tambayi shekarun da suke ɗauka. Ko sun ce ya yi ƙanƙanta, zuwan ba zai zama asara ba, za ki ga malamai da iyaye irinki, ki karɓi lambobinsu.

Amma kada ki jira makaranta. Ki tambaya a unguwarku, ba a rasa kurma babba, tela ko kafinta ko mai wanki. Muna da majalisu da muke haɗuwa da yamma, muna da ƙungiya ta ƙasa da reshe a jiha, kuma matanmu suna da nasu zumuncin. Ki samu mace kurma mai hankali ta riƙa shigo miki ko sau ɗaya a sati. Ba Abba kaɗai za ta koya wa ba, ke da babansa da yayarsa. Yayar ma za ta riga ku iyawa, ki rubuta ki ajiye. Shi kuma ya ga babban mutum irinsa, don ni ina yaro na ɗauka kurame ba sa girma, tunda ban taɓa ganin babba ba.

Sai titi. Ba ya jin hon, ga 'yan adaidaita yadda suke. Kada a aike shi shi kaɗai tukuna. Ki ɗinka lambar wayar babansa a cikin wuyan rigunansa, in ya ɓata ba zai iya faɗin gidansu ba. In za ki kira shi a ɗaki ki kashe fitila ki kunna, ko ki buga ƙafa a ƙasa, kada a riƙa jifansa da takalmi yadda aka yi min. Kuma da zarar kun fara fahimtar juna ki koya masa wuraren jikinsa da ba a taɓawa, don mugaye suna zaɓar yaron da suka san ba zai iya ba da labari ba.

'Ya'yana huɗu, duk suna ji. Kurumtar sanƙarau ba a gadonta, in wani ya fara wannan zancen a dangi.

Baban Walida:

Malam Tela ya gama magana, Allah ya saka. Ni uban yarinya ce mai irin wannan lalura, yanzu tana aji huɗu, zan ƙara abin da ya shafi aljihu da hukuma, sai wuri ɗaya da na ɗan saɓa masa.

Na'urar kunne: kada ki sayi ta kasuwa ko ta masu talla a Facebook. Na yi wannan kuskuren, na saya a wani shago, ƙara kawai take yi kamar rediyo ya ɓata tasha, yarinyar ta cire ta wurga a kwata. Ta gaskiya sai an saita ta a kwamfuta daidai da sakamakon gwajin yaro, a kuma auna ramin kunnensa a yi masa roba daidai shi. Kuma sayen ba shi ne ƙarshe ba. Batir ɗinta ƙanana ne, suna ƙarewa cikin kwanaki, robar kuma yaro na girma tana yi masa kaɗan. Ki sa wannan a lissafi tun yanzu. Batir ɗin a ɓoye shi nesa da jaririya, haɗiye shi haɗari ne babba. Ƙungiyoyin agaji da wasu asibitoci kan yi gwaji kyauta, wani lokaci har da rabon na'ura, musamman wajen 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, da 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman. A rediyo ake sanarwa, kuma 'yan ƙungiyar kurame su ke fara ji, in ji masu barkwanci.

Doka kuma akwai ta. Shugaba Buhari ya sa hannu a watan Janairun 2019 kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, ta ce a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma haramta a yi bara da su. Mutum ya nuna musu wariya hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Na san za a ce a takarda ne, kuma gaskiya mafi yawa a takardar yake. Amma na ga amfaninta sau ɗaya: wani hedimasta ya ce ba su da wurin irin 'yata, na ambaci dokar cikin ladabi, sai ga kujera ta samu. Ki yi rajista da ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙaramar hukumarku da ofishin walwalar jama'a, don in tallafi ya zo da sunayen da ke rubuce ake aiki. Ki kuma leƙa sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, ɗalibansu da yawa sun iya maganar hannu, ni a can na samu wadda take yi wa 'yata lesin da yamma a kuɗi kaɗan.

Inda na saɓa shi ne batun makaranta: in an ce miki ya riƙa kwana a can, ki yi tunani sosai. Ni jeka-ka-dawo na zaɓa duk da kuɗin mota yana ci min tuwo a ƙwarya. Na ga iyayen da suka kai yaro suka huta, ya dawo hutu ya iya harshen da babu mai ji a gidansu, ya zama baƙo a ɗakin uwarsa. Makaranta ba ta da laifi a nan, iyayen ne ba su koya ba.

Shi kuma maigidanki, ki bar ce masa yaro ya kurumce, mu maza wannan kalmar ce ke sa mu toshe namu kunnen. Ki ce likita ya ce a zo da uba. In ya ga takardar da idonsa zai sauko. Ni ma sai da na yi wata biyar ina cewa zai buɗe.

Tela Kurma:

Ba mu saɓa ba Alhaji. Ni kwana na yi don a gida babu mai yi min magana. Da akwai, da ban so tafiya ba.

Maman Abba:

Na gode, na gode, Allah ya biya ku da gidan Aljanna. Ku yi haƙuri na yi kwana tara shiru.

Mun je. Dabarar Baban Walida na bi, babansa ya nemi izini a shago muka tafi tare. An duba shi an ba mu ranar gwajin barcin nan, sati uku masu zuwa, an ce in hana shi barcin rana kafin mu zo. Kuɗin gwajin na sa adashina a kai, kwasata ce ƙarshen wata. Likitan ya ce kada mu sa rai da yawa a kunnen dama, na hagu ne yake so ya gani. Babansa bai ce komai ba har muka hau mota, sai a hanya ya ce wa Hajiya zai faɗa da kansa a daina ɗiga man.

Malam Tela, ashe layi biyu tsakaninmu da wata baiwar Allah kurma mai kitso, shekara shida ina wuce ƙofar gidanta ban taɓa shiga ba. Na je na rasa yadda zan yi bayani, sai na nuna Abba na nuna kunnena na girgiza hannu. Ta ajiye kibiyar kitson ta ɗauke shi ta ɗora a cinya. Sau biyu ta zo gidanmu yanzu. Yadda ka faɗa haka aka yi, yayarsa ta fi ni kamawa, har gyara min take yi. Matar ta raɗa masa suna, tana murza yatsu biyu kamar mai buɗe murfin lemo.

Jiya da daddare ya tashe ni, maimakon ihu sai ya yi min alamar ruwa, ya kuma ce "uwa" da bakinsa, wato ruwa. Na ba shi ya sha ya koma barci.

Tudun Maliki sai ranar Litinin in Allah ya kai mu. Wanda ya san motar da zan hau daga Kurna ba sai na yi hawa uku ba, don Allah ya faɗa min, da goyo zan tafi.